Jan Zare a Kalmasa

Shekara talatin da ɗaya
ina shiga gidan nan ta ƙofar baya,
inda ake shigo da bandir na siliki
da gahawar maigida.
Yau na bi ta gaba.
Ƙofar gilashi ta buɗe kanta kamar ta san ni.
Ita kaɗai ce ta yi hakan.

Yarinyar kanti, Ghida, sabuwa ce.
Ta gaida takalmina kafin fuskata.
"Baba, wani kike nema?"
Na ce riga nake nema, doguwa, ta fitar dare.
Ɗana Hagop zai yi aure ran Asabar a Juniya,
uwar ango ba ta zuwa da baƙin da ta binne miji.

Ta jero su tana yi musu kirari:
wannan daga hannun maigida ta fito, wannan ma.
Na haɗiye dariya.
Ban taɓa ganin ya zura zare a allura ba.
Nasa zane, da suna, da ɗaga hannu in an tafa.
Kura da shan bugu, an san sauran maganar.

Sai ga ta, ta uku daga bango,
koriya shar mai duhu,
launin tekun Bairut in hadari ya haɗo.
Na sunkuya, gwiwa tana ƙara,
na juya kalmasa.
Ga shi nan, ɗinki uku na jan zare
inda ido ba ya kaiwa,
alamar da kakata Araksi ta koya mini a Burj Hammud.
Duwatsu dubu huɗu da ɗari biyu.
Na san adadinsu,
a cikinsu idona na hagu ya fara hazo.

Kuɗinta ladan wata tara ne cur.
Awarwaro biyu suka tafi,
da abin da ke cikin gwangwanin shayi
tun ran da banki ya haɗiye na farko.
Ghida ta ƙirga sau biyu.
A na biyun ta kawo mini kujera.

A ɗakin gwaji na tsaya gaban madubi uku.
Na auna ƙugun mata ɗaruruwa,
nawa ban san awonsa ba.
Ta sauko mini ta kai, sanyi kamar ruwan asuba.
Ashe nauyi gare ta!
Ba wadda ta taɓa gaya mini.
Matan da nake gani a hoto suna murmushi,
ashe dako suke yi.
Kuma dutse ɗaya yana cizo a hammata.
Wannan laifina ne.
Na ciro allura daga jaka, na sa tabarau,
na ba shi haƙuri da ɗinki biyu.

Ran Asabar, ana tsakiyar rawa,
wuta ta ɗauke kamar yadda ta saba.
Kafin janareta ya yi tari ya tashi
kyandirori ne kawai a kan tebura,
sai rigar ta tsince su ɗaya bayan ɗaya
ta ɗaura a jikina.
Na ji Hagop daga can nesa: "Mama?"
Kamar yana tambaya.

Da haske ya dawo, uwar amarya ta matso,
ta murza hannun rigar tsakanin yatsu biyu.
"Ta waye ce wannan?"
Sunan yana nan a bayan wuyana,
an saƙa shi da zinariya, yana ta ƙaiƙayi.
Na ce, "Tawa ce."
Ta yi murmushi, ta sake tambaya a hankali,
ta ɗauka tsohuwa ba ta ji da kyau ba.